Yaron Maganin Mainha

Ku matso kusa, masu bibiyar labarina, don abin da zan ba ku yau ni kaina ban gama haɗiye shi ba. Ga wanda bai san ni ba, sunana Jucilene, amma Juci ake ce min, 'yar Dona Edileuza mai ɗinki a nan garinmu Caruaru. Na yi saurayi, na kawo shi gida, an karɓe shi hannu bibbiyu, kuma wannan karɓar ce ta zame min ciwon kai. Bari in faro daga mahaifiyata, wadda muke kira Mainha, don in ba ku san ta ba ba za ku gane komai ba.

Mainha tana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma fuska biyu gare ta a asibitin unguwarmu. Idan ranar ganin likita ta matso, sai ta ɗauke ƙafa daga zaƙi na 'yan kwanaki, tana shan kofi ba suga tana yamutsa fuska kamar mu muka ɗora mata, wai don gwaji ya fito da kyau. Ranar kuwa sai ta fito da shuɗiyar rigarta mai leshi a wuya, wadda ko coci ba kowace Lahadi take samun ta ba, ta fesa turare, ta naɗe kek ɗin masara a tawul ta kai wa Dakta Marluce. E, daidai kuka karanta, mai ciwon suga ce take kai wa likitarta kek. Lokacin da nake raka ta, kafin in samu aiki a shagon yadi, da kunnena nake jin su.

"Dona Edileuza, kina shan maganinki kuwa?"

"Ba fashi, Dakta."

"Zaƙi fa?"

"Ai na ma manta ɗanɗanonsa, Dakta."

Ni kuwa ina gefe ina kallon silin, don na san kwalbar alewar gwaiba da ke ɓoye a bayan keken ɗinki.

To, bayan na daina raka ta sai asibitin ya kawo mai harhaɗa magunguna, aka ba shi ɗaki nasa na kansa kusa da na likita. Ba taga aka ajiye shi yana miƙo ƙwayoyi ba, zama ake yi da shi, ka kawo duk magungunan da ke gidanka a leda ku zazzage a kan tebur. Unguwa ta kasa gane kansa. Wasu suka ce karatun likita ne ya gagare shi aka rufa masa asiri da ɗaki. Tia Nevinha, ƙanwar Mainha wadda gidanta ke manne da namu, ta rantse gwamnati ce ta turo shi ya rage wa tsofaffi magani, tunda ya sa an janye mata ƙwayar barci. Ita ko Mainha, daga zuwa ɗaya ta dawo tana yabo. Ranar zuwa wajensa ba leshi ba turare, silifas take ja da rigar zaman gida, kuma sai ta daɗe ba ta fito ba.

Na taɓa tambayar ta, "Mainha, me kuke tattaunawa haka?"

Ta ce, "Komai. Ai shi ba likita ba ne, shi ya sa ake iya faɗa masa gaskiya. Likita kunyarta ake ji. Shi kuwa yaron magani, in ka ce masa ka ci alewa, sai ya tambaye ka babba ce ko ƙarama."

"Yaya sunansa?"

Ta tsaya ta yi tunani, sannan ta ɗaga kafaɗa. "Yaron magani mana."

Ku ajiye wannan a gefe, mu koma kaina. A wajen gwajin rawar bikin watan Yuni na haɗu da Josenildo, wanda kowa ke kira Nildo. Ba zan yi muku ƙaryar kyau ba: ba dogo ba ne, kunnuwansa sun ɗan fi ƙarfin kansa, kuma yana rawa yana motsa leɓe kamar mai haddar karatu. Ya taka min ƙafa, ya ba ni haƙuri, ya sake takawa. Amma da muka zauna shan ruwan rake, sai na tsinci kaina ina ba shi labarin da ko ƙawayena ban ba su ba, shi kuwa ya yi shiru yana saurare kamar babu wani abu a duniya sai maganata. Nan na faɗa tarkon sonsa, kuma ban yi ƙoƙarin tashi ba. Ya ce min aikinsa harhaɗa magunguna ne, yana zagaya asibitocin unguwanni. Caruaru gari ne babba, ban kawo komai a raina ba.

Sai da muka sa ranar da zai zo gaida Mainha sannan abin ya fashe. Muna zaune a dandali ina nuna masa hotuna a waya, na ce ga mahaifiyata. Ya karɓi wayar, ya matso da ita kusa da fuska, sai na ga kunnuwan nan sun yi ja.

"Dona Edileuza ce mahaifiyarki?"

"Ka san ta?"

"Na san ta."

"A ina?"

Ya sosa ƙeya. "Juci, ko wannan ma bai kamata ya fito daga bakina ba."

Ai sai na tuntsire da dariya har ina riƙe ciki. Na ce, "Kai ne yaron magani. Ashe saurayina ne mai tambayar babba ce ko ƙarama." Shi bai yi dariya ba. Ya ce dole in faɗa mata kafin Lahadin da zai zo gidanmu, don mace ce da ta saki jiki da shi, bai dace ta buɗe ƙofa ta gan shi ba shiri ba. Na lallaɓa shi na ce ya ɗan gutsura min abin da take faɗi a kaina. Ya ce ko da wuƙa a wuya. Na kashe murya, na juya ido, duk a banza. Raina ya ɗan sosu, amma a can ƙasan zuciya ƙara son sa na yi.

Na yi ƙoƙarin faɗa mata, Allah ya sani. Da safe muna cin dambun masara da ƙwai na ce, "Mainha, game da Nildo, wato aikinsa a asibiti ne."

Tia Nevinha, da ba a karin kumallo a gidanmu ba da ita ba, ta ajiye cokali. "Likita ne?"

"A'a, Tia, ba likita ba ne, shi..."

"Bai gama ba tukuna kenan. Edileuza, kin ji, ɗalibin likita."

"Tia, ki bari in ƙarasa mana."

Mainha ta ɗaga min hannu. "Ko mai shara ne a asibitin ban damu ba, in dai ba makaɗi ba ne irin ubanki, da ya tafi kiɗa birnin Recife har yau ana tafa masa. Ke dai ki wanke labule, ki sayo kaza mai ƙiba."

Ta tashi ta hau keke, ƙararsa ta cika gidan. Lokacin ɗinkin kayan biki ne, riguna masu fala-falan gindi sun cika falo har kan talabijin, kuma idan Mainha tana kan keke ko Fadan coci ne ya zo sai ya jira. Na bar maganar zuwa gobe, goben ma na bar ta zuwa jibi. Saƙon Nildo kuwa bai fasa shigowa ba.

Nildo: Kin faɗa mata?

Ni: Na fara.

Nildo: Fara kamar yaya?

Ni: Ta san kana da aiki.

Nildo: Juci.

Ni: Ka sa farar rigar nan, tana ɓoye kunnuwanka.

Nildo: Riga ba ta kai kunne. Ki faɗa mata don Allah.

Lahadi ta zo ban faɗa ba. Na sa rigata ruwan goro mai ɗigo-ɗigon fari, na gyara gashi har hannuna ya gaji. Gida ya ɗauki ƙamshin kaza da dafaffen rogo da wake, an shimfiɗa mayafin tebur da ba ya fitowa sai Kirsimeti. Mainha ta ci ado cikin shuɗiyar rigar nan mai leshi, sai ƙamshi take. Da aka tafa hannu a ƙofa, irin sallamarmu, na zabura, amma ta riga ni.

Ta buɗe, ta matsa kusa da shi ta ƙare masa kallo.

"Yaron magani? Lafiya? Na manta wani abu ne a ɗakinka?"

"Barka da rana, Dona Edileuza."

Sai ta lura da furannin da ke hannunsa, da farar rigar da ta sha guga. Ta waiwayo ta dube ni, ni kuwa na yi tsuru-tsuru kamar an kama ni da hannu a tukunya. Tia Nevinha ta leƙo ta bayanta, ta dafe ƙirji, sannan ta ƙyalƙyale da dariya har da dukan bango.

"Wannan ne ɗalibin likitan? Wanda ya ƙwace min barcina?"

Na jira Mainha ta yi faɗa. Da ta yi faɗa da na ji daɗi, don faɗanta na san hanyarsa. Maimakon haka sai ta gyara leshin wuyanta, ta miƙe tsaye sosai, ta yi wani murmushi da na sani sarai, murmushin ranar ganin likita.

"Shigo, Dakta. Gidanka ne."

"Nildo kawai, Dona Edileuza, kamar kullum."

"A gidana Dakta ne."

Kafin ya zauna, na ga gwangwanin suga ya ɓace daga tebur kamar an yi siddabaru. Ta zuba masa cinyar kaza da ƙirji, ta zuba wa kanta ganye da ɗan wake kamar abincin tsuntsu. Tia Nevinha kuwa ta samu abin da take so, ta gyara zama.

"Tsakaninka da Allah, me ya hana ka ƙarasa karatun likita?"

"Ban fara ba, Dona Nevinha. Karatun magani na yi, shi nake so."

"Mutum ya so karatun ƙwaya? To ai ni ma na san ƙwaya. Fara ta ciwon kai, ja ta jini."

"Ta barci fa, wane launi ce?"

"Kai ka sani, tunda kai ka ɗauke."

"Dakta Marluce ce ta janye, ni shawara na bayar. Yanzu yaya barcin?"

Ta ja tsaki. "Ina yi. Amma ba don kai ba."

Na yi dariya har na ƙware. Sai Tia ta sunkuyo ta rage murya, irin ragewar da ake ji har titi. "To ba mu labari, me yayata take faɗa maka in ta rufe ƙofa? Ni da muka sha nono ɗaya a benci take bari na."

Cokalin Mainha ya tsaya a iska. Nildo ya goge baki a hankali ya ce, "Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a ɗakin yake kwana. Naki ma haka."

"Nawa? Me na faɗa maka?"

"Kin ga, ni ma na manta."

Tia ta yi gum, ta mai da hankali kan rogonta, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Na saci kallon Mainha ina zaton za ta saki jiki, amma ina. Da aka kawo kofi ta sha nata da ɗacinsa ba ta ko yamutsa fuska ba, ta dube shi ta ce, "Ka ga yadda nake, Dakta. Magani ba fashi, zaƙi na manta da shi, jiki garau."

Nildo ya sunkuyar da kai yana juya kofinsa. Da zai tafi ta raka shi har ƙofa, ta ce yaron kirki ne, ta san hannun da za ta sa 'yarta, ya turo iyayensa duk ranar da suka shirya. Ni da na yi ta fargabar a kore shi, ga shi an ba shi ni tun kafin ya roƙa. Na yi tsalle a ɗaki, na tura wa ƙawayena saƙon murya ina ihu ƙasa-ƙasa. Shi kuwa abin da ya turo min kawai shi ne: "Na gode da kaza. Ki sa ido a kan Mainha."

Ban gane ba sai da ranar zuwanta wajensa ta zagayo. Na shirya zan fita shago na tarar da ita a kan keke.

"Mainha, ba yau ce ranarki a asibiti ba?"

"Na fasa."

"Saboda me?"

"Surukina zan je in zazzage wa cikina a kan tebur? Mutumin da zai zauna a falona ranar Kirsimeti? Abin da ya riga ya sani ma ya ishe ni kunya."

"To ai aikinsa ne."

"Da aikinsa ne. Yanzu mijin 'yata ne."

Na ɗauka rigimar tsufa ce, za ta wuce. Da rana ina auna wa wata mata yadi wayata ta yi ƙara.

Nildo: Ba ta zo ba.

Ni: Wai kunyar suruki take ji. Ka ga matsayin da ka samu.

Nildo: Na nemi a haɗa ta da abokiyar aikina ta wani asibitin, dama haka ya kamata tunda ga mu. An kira ta, ta ce ba ta buƙata.

Ni: Za ta sauko.

Nildo: Juci, zuwan yau ba irin na kullum ba ne. Ba zan iya faɗa miki dalili ba. Ki tambaye ta da kanki, kuma kada ki bari ya kwana.

Na yanka wa matar nan yadi a karkace, na ba ta haƙuri, na roƙi mai shago ya sallame ni da wuri. A cikin bas tsoro da haushi suka haɗu suka cika min ciki. Haushin Nildo da bakinsa mai kwaɗo, haushin Mainha da za ta faɗa wa bare abin da ba ta faɗa min ba, da kishi, e, kishi, don sai a lokacin na gane saurayina ya fi ni sanin uwata.

Na same ta a falo, rana ta shigo ta taga ta haske tulin rigunan biki, keken kuma a tsaye. Tana zaune da hannu a cinya, abin da ba halinta ba ne.

"Ya turo ki ne?"

"Bai faɗa min komai ba, Mainha. Na yi juyin duniya ya ƙi."

"Na sani. Da mai faɗa ne da ban fara ba." Ta lalubi gefen keken ta ɗauko allurar hannu da jan zare ta miƙo min. "Zira min."

"Ke da kike zira allura kina kallon talabijin?"

"Zira, na ce."

Na zira na miƙa mata, amma ba ta karɓa ba.

"Tun Ista rabon da in ga kafar allura," in ji ta. "Nevinha ke zira min, na ce mata gilashina ne ya tsufa. Rubutun kwalin magani ya zama hayaƙi. Na yi ta shan na dare da safe, na safe da dare, har ranar da jiri ya zaunar da ni a bakin titi. Shi na faɗa wa. Ya ɗaura min roba ɗaya a kwalin safe, biyu a na dare, in shafa in gane. Amma ya ƙi bari na in huta, kullum sai ya ce wannan ya wuce roba, sugan ne yake taɓa idon, dole likita ta sani tun da sauran gyara."

"To me ya sa ba ki faɗa wa Dakta Marluce ba?"

"In ce mata me? Matar da nake ce wa na manta ɗanɗanon zaƙi? Ya daɗe yana lallashi na kafin in yarda. Yau ne za mu shiga tare, ya tsaya a gefena, in na kasa ya fara min." Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Sai ga shi a ƙofata da furanni."

Na durƙusa a gabanta na ce, "Ni fa, Mainha? Ina cikin gidan nan."

"Ke 'yata ce. Uwa ba ta son 'yarta ta ga ta fara lalube." Ta juya fuska wajen taga. "Duk samarin garin nan, Juci, ki rasa wanda za ki ɗauka sai mutum ɗaya da nake iya faɗa wa gaskiya. Ban hana ki ba, yaron kirki ne, na fi ki sani. Amma yanzu wa zai shiga da ni?"

"Ni."

"Ke? Ke da ko kaza aka yanka sai kin yi hawaye?"

"Ni zan shiga. Gobe da safe. In kin kasa, in fara miki."

Ta juyo daga taga ta fuskance ni. Can ta ce, "In za ki fara min, ai sai kin san abin da za ki faɗa. Jawo kujera. Abin da yawa, kuma ba duka ne mai daɗin ji ba. Kada ki katse ni, kada ki yi min wa'azi, kuma in na ji kin soma kuka na fasa."

Na jawo kujera na zauna, na cije leɓe na haɗiye numfashi don kada ta ji. Ta soma magana a hankali, ni kuwa na kafa ido a kan allurar da ke hannuna, wadda ni ma na daina ganin kafarta.